Rage ƙarfin rediyon, ka buɗe kunnenka

Ka ce jiya da ka ɗaga eriya ka ji ƙarar ta gabas, ka juya yamma nan ma ka ji ta, har ka rasa inda karen yake, shi ne kake tambaya ko rediyon da muke neman karnukan farauta da shi, mai kama ƙarar kwalar da ke wuyansu, ya lalace. Rediyon nan lafiyarsa ƙalau, yaro, ya kuma girme ka a wannan aiki. Kai ne ka murɗe maɓallin ƙarfi har ƙarshe. Duk yaron da aka fara miƙa wa haka yake yi, don ku a ganinku abin da ya fi ƙara shi ya fi gaskiya.

Ba zan zauna koya maka cire maganaɗisu daga jikin kwala don kunna ta ko saita lambar kowane kare ba. Wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar.

Kwalar da ke wuyan kare ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Ƙit, ƙit kawai take yi. Eriyar hannunka ce mai fuska da ƙeya: gajeren ƙarfen shi ne gaba, dogon shi ne baya. Irin ta talabijin ce da ake kafawa a kan rufi, wadda wasu Japanawa biyu, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro a 1926. Ta gaba take ji sosai, amma ta ƙeya ma tana ɗan ji. In ka cika mata ƙarfi kuma karen yana kusa, gaba da baya sai su zama ɗaya. Rage shi har sai da ƙyar kake jin ƙarar, sannan ka kewaya a hankali. Inda ta rage tana fitowa, can ne. Kana matsawa tana ƙaruwa, kai kuma kana ƙara ragewa. In kwance ba ta ba ka ba, tayar da eriyar tsaye. Ka kuma nisanci mota da manyan wayoyin lantarki.

Sai dutse. Sigina yana bugun dutse ya dawo, kamar yadda muryarka take dawo maka in ka yi kira a cikin kwazazzabo. Kare yana arewa, eriya ta rantse maka yana kudu. Saboda haka ba a yarda da ji ɗaya. Ka ji a nan, ka taka gefe da nisa, ka hau tudu, ka sake ji. Na gaskiya yana nan inda yake, na dutse kuwa sai ya yi ta sauya wuri yana bin ka. Rashin sanin wannan shi ya raba ni da karyata Kyalla, kuma har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ba ka san ta ba, kana goye lokacin. Ja ce mai farin goshi, siririya, ba ta haushin banza. In ta ɗaga murya to akwai nama. Gada ba ta tsere mata a fili, in gafiya ta shige rami kuwa tana nan a bakin ramin ko da za ta kwana. Ni na raine ta tun idonta bai buɗe ba. Akwai wani attajiri, ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi, da ya daɗe yana bibiyata in sayar masa da ita. Ya yi tayin kuɗi, ya yi tayin babur. Na ce Alhaji, ka yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce. Ya yi dariya ya ce ba komai.

Bayan an kawar da amfanin gona, da hunturu, sai ya aiko wai yana da baƙi, in kai su farauta cikin duwatsun Ningi. Ya ba da rabin kuɗi, saura sai an dawo. Muka saki karnuka da hantsi. Shi kuma ya riƙe ni da surutu, in nuna wa baƙinsa sawu, in faɗa musu sunan wannan itace da wancan. Dole na bar rediyo a hannun yaron da ke tare da ni a lokacin, wanda nake zaton ya ƙware. Wajen azahar karnuka suka dawo ban da Kyalla. Yaron nan ya cika ƙarfi, ya ji ƙara daga wani ƙaton dutse ta gabas, ya kwashi mutane suka yi ta hawa. Bai taka gefe ya sake ji ba, bai zo ya faɗa mini ba, wai yana so ya ba ni mamaki. Sai da la'asar ta yi sanyi ya dawo yana haki.

Ina karɓar rediyon na rage ƙarfi, gabana ya faɗi. Kare mai tafiya ƙararsa tana hawa tana sauka, don wayar kwalar tana kaɗawa, yana shiga bayan dutse yana fitowa. Wannan kuwa ƙit, ƙit, ƙit, daidai wa daida, ba hawa ba sauka. Abu uku ke kawo haka: ko tarko ya kama shi, ko ya mutu, ko kwalar ba ta wuyansa. Kuma ba ta gabas take ba, ta yamma take, wajen hanyar shanu. Ban yi tafiya mai nisa ba na sami kwalar ɗaure a reshen kanya. Ba tsinkewa ta yi ba, ba yanka ta aka yi ba. Hannu ne ya kwance ta, ya ɗaura a reshe ya ja maɗaurin tsaf. A ƙasa ga sawun babur. Direban Alhaji kuwa tun azahar ba wanda ya gan shi, wai an aike shi gari sayo ruwa.

Da na yi magana sai Alhaji ya ɓata rai, wai na ci mutuncinsa a gaban baƙi. Ragowar kuɗin ma ya hana, wai ba a samu naman kirki ba. Na kai ƙara gun Sarkin Baka, aka ce ina shaida. Wa zai yi shaida a kan mai kuɗi saboda kare? Bayan shekara wani ya ce mini ya ga 'yan kwikwiyo jajaye masu farin goshi a gonar mutumin. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba. Da yaron nan ya rage ƙarfi tun azahar, da mun riski babur ɗin kafin ya hau titi. Ranar na sallame shi.

Na san abin da za ka ce, a sayi mai GPS a huta. Na gan su. Tun 2007 da kamfanin Garmin ya fito da Astro, mafarautan Amurka suka koma kallon karnukansu a kan taswira, kuma ba na musun yana da amfani. Amma batirinsa kwana ɗaya ne ko biyu sai caji, wannan tsohuwar kwalar kuwa sai ta yi makonni tana ƙara. Karen da ya ɓace yau ba lalle a gan shi gobe ba, kuma ina wutar caji a tsakiyar daji? Ga shi na Amurka da na Turai ba zango ɗaya suke aiki ba, sai ka sayi kwala gwanjo ka tarar ba ta magana da abin hannunka. Ita wannan hanyar da kake rainawa, da ita 'yan'uwan nan biyu, Frank da John Craighead, masu binciken namun daji, suka bi manyan namun dajin Yellowstone na Amurka tun farkon shekarun 1960, tun ba a san GPS ba. Ku yaran yanzu ba ku son abin da sai an saurara. In abu bai haska a gilashi ba, ba ku yarda da shi. Taswira za ta nuna maka inda kwala take, amma in ba ka san karenka ba, ba za ka tambayi kanka me ya sa karen da ba ya zama ya tsaya cak ba.

Gobe bayan asuba zan ɓoye kwala biyu a cikin duwatsun bayan gari, ɗaya a rami, ɗaya a kan itace. Ta ramin za ta yi maka kamar tana nesa alhali tana gindinka, ka kula. Ka bar wayarka a gida, ka zo da ruwan sha. Sai ka kawo mini su duka biyun kafin in sake ba ka rediyo a daji.