Abin da ya sa nake koya wa Alhaji gyaran Kombinsa

Jiya da la'asar, bayan Alhaji ya ja tsohuwar Kombinsa mai gado da murhu ya tafi, ka tambaye ni: "Oga, kai da kanka kake nuna masa yadda ake saita bawul, shi kuma ya je ya nuna wa abokansa masu irin motar. In duk suka iya, mu me za mu ci?" Aiki ya hana ni amsa maka a lokacin. Zauna, ɗana, tambayarka tana kan hanya.

Fara da sanin motar. Volkswagen ta soma ƙera ta a Jamus a 1950, ba a daina ba sai 2013 a Barazil, shi ya sa har gobe ake samun kayanta. Ita ce danfon farko na Legas. Masu ɗaki a ciki kuwa, ina yaro nake ganinsu, lokacin da Turawa ke keto Sahara ta Tamanrasset da Agadas, su biyo Birnin Ƙonni su shigo ta Illela, motar ta yi buɗu-buɗu da ƙura. An yi ta ne don mutumin da zai kwana inda babu gareji. Wanda ke da ita bai iya taɓa ta ba, wahala ya saya.

Ka leƙa bayanta, ka ga lagireto? Babu. Injin 1600 ɗin nan iska ce ruwansa. Fanka ɗaya ke hura masa, kuma fankar tana kan sanda ɗaya da dinamo, fanbel ɗaya ke juya su. To abin farko da na koya wa Alhaji shi ne jar wutar caji. A wata motar, in ta kama sai ka lallaɓa ka kai gida. A wagga, in ta kama ka tsaya nan take ka buɗe baya, domin in fanbel ne ya tsinke, fanka ta tsaya, kuma 'yan mintoci sun isa inji ya ƙone. Ka ɗauka wannan ya faru tsakanin Sakkwato da Argungu a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Ina nake a lokacin? Ina nan ƙarƙashin wata motar. Fanbel na ajiya da sifana a hannunsa sun fi masa ni amfani.

Sai bawul ɗin da ya tsaya maka a rai, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa da rufewa don shigar da iska da fetur cikin silinda ko fitar da hayaƙi. Ratarsa milimita 0.15 ce, kuma sai inji ya kwana ya huce sarai ake auna ta. Kan nan fa maganar take. In ya tuƙo motar zuwa wajenmu, ta riga ta yi zafi, sai ta wuni ko ta kwana kafin mu taɓa. Shi kuwa da asuba, bayan ya dawo masallaci, zai shimfiɗa kwali ya kwanta ya gama kafin a dama koko. Aikin yana son a riƙa duba shi duk kilomita 5,000, tare da juyen baƙin mai. In ratar ta rufe, bawul ba ya zama daram a mazauninsa ya sauke zafi, sai ya ƙone, wani lokaci kansa ya guntule ya faɗa kan fistin. Na ce masa ya fi sa ido kan silinda ta 3, ta hagu daga ciki, don a tsofaffin injunan kafin 1971 abin sanyaya mai yana tare mata iska, ita ke fara cin wuya. In ya ga ratar wani bawul tana ta matsewa duk dubawa, kada ya ƙara saitawa, ya kawo mana. Ka ga kenan ya zama idonmu.

Baƙin man lita biyu da rabi ne kacal, kuma babu matata ta kirki, 'yar raga ce a ƙasa. Da ƙurar hunturu irin tamu, gara a juye da wuri.

Akwai abu biyu da nake so kai ma ka riƙe, ba Alhaji kaɗai ba. Na farko kwanukan da suka lulluɓe injin da robar da ta zagaye shi. Na ga yara da yawa suna kwance inji su mayar, su bar kwano ɗaya a ƙasa su ce ba ya aikin komai. Yana yi. Su ne ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa; in akwai kafa, fanka za ta zuƙo hucin salansa ta sake hura wa injin. Na taɓa yin wannan kuskuren ina ɗan koyo, na bar roba a yage, motar ba ta yi wata ba ta dawo da inji a buge. Har yau abin yana damuna, don mai ita ya amince da ni. Na biyu tiyon fetur. Tankin yana gaban injin, tiyon kuma zafi na busar da shi ya tsattsage. Ɗigo kaɗan kan inji mai zafi, sai gobara, a motar da ke da katifa da tukunyar gas da iyalin mutum a ciki. Wannan kam ko ba a tambaye ni ba ina nuna wa kowa, in ce ya shinshina, ya lanƙwasa tiyon ya duba, ya ajiye abin kashe gobara kusa da ƙofa.

Game da abokansa da suke haɗuwa ran Asabar a ƙofar gidansa, wannan ya ara wa wancan jak, wani ya kawo kafireta da ya ajiye, ni farin ciki nake yi. Su ne suka hana a yanka motocin a sayar wa 'yan gwangwan. Kuma ka lura da abin da ke zuwa mana daga wajensu: sauke inji, canjin ringi da fistin, giya, kuloci, waldar ƙasan da tsatsa ta ci. Birki da sitiyari kuwa na gaya musu ƙarara kada su taɓa sai ina wurin. Uku daga cikin motocin da muka yi wa babban aiki bana, Alhaji ne ya turo masu su.

Gobe Kombin Malam za ta kwana a nan. Washegari ka zo da sassafe kafin rana ta taɓa ta, kai za ka saita bawul ɗin, ka fara da silinda ta 1, ni ina tsaye.