Tambaya da Amsa: Diyyar fursunonin yaƙin da aka azabtar a Iraƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji a wani shirin rediyo cewa 'yan majalisar Amurka sun taɓa dagewa sai an biya diyya ga sojojinsu da aka kama a Iraƙi a zamanin Saddam Husaini. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ai soja ya san haɗarin aikinsa tun ranar da ya sa kaki, to a kan me za a biya shi diyya don an kama shi? Kuma shin an biya su? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne cewa kama soja a fagen daga ba laifi ba ne a dokar yaƙi, kuma babu mai neman diyya a kan kamun kansa. Abin da ake nema wa diyya shi ne azabar da aka gana masa bayan ya shiga hannu. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta shekarar 1949, wadda Amurka da Iraƙi duk suka amince da ita, ta tanadi cewa fursunan yaƙi ba zai faɗi komai a kan tilas ba sai sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja, kuma sashe na 17 ya haramta azabtar da shi don a tatsi wani bayani. Sashe na 131 ya ƙara da cewa babu ƙasar da ke da ikon wanke kanta, ko ta wanke wata ƙasa, daga alhakin manyan laifuffuka irin wannan.

Mutanen da kake tambaya a kansu an kama su ne a Yaƙin Tekun Fasha na 1991, yawancinsu matuƙa jiragen yaƙi da aka harbo. Jagoransu a shari'ar da suka shigar daga baya, Clifford Acree, an harbo jirginsa a ranar 18 ga Janairu, ya kuma zauna a tsare har farkon Maris. Sun shaida wa kotu cewa an yi musu dukan da ya karya ƙasusuwa, an bar su da yunwa a ɗakunan sanyi, an jona wa wasunsu wayar lantarki a kai, an kuma riƙa ɗora musu bindiga a ka ana ɗana ta ba harsashi don su ɗauka ajali ya zo. Wasu an fito da su a talabijin ɗin Bagadaza fuskokinsu a kumbure, aka tilasta musu sukar ƙasarsu.

Majalisa ce ta fara buɗe musu ƙofa. A ƙa'ida ba a kai ƙarar wata ƙasa a kotun Amurka, amma a 1996 majalisar ta gyara dokar ta yadda ɗan ƙasa zai iya ƙarar duk gwamnatin da ke cikin jerin masu ɗaure wa ta'addanci gindi idan ta azabtar da shi, kuma a lokacin Iraƙi tana cikin jerin tun 1990. A 2002 fursunoni 17 da iyalansu 37 suka shigar da ƙara a Washington. Gwamnatin Saddam ba ta turo kowa ya kare ta ba, sai alƙali Richard Roberts ya yanke hukunci a Yulin 2003 cewa a biya su dala miliyan 959.

Daga nan ne lamarin ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kafin a yanke hukuncin Amurka ta riga ta mamaye Iraƙi, Shugaba George W. Bush kuma ya riga ya karɓe kuɗin Iraƙi da ke tsare a bankunan Amurka, kimanin dala biliyan 1.7, da niyyar kashe su wajen sake gina ƙasar. Lauyoyin gwamnati suka shiga shari'ar suna adawa da sojojin ƙasarsu, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2004, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙorafinsu a 2005.

'Yan majalisa ba su haƙura ba. A ƙarshen 2007 suka saka wani sashe a dokar kasafin tsaro, wanda Sanata Frank Lautenberg ya ɗauki nauyinsa, da zai farfaɗo da irin waɗannan ƙararraki. Bush ya ƙi sa hannu a dokar baki ɗaya saboda wannan sashe, bayan gwamnatin Bagadaza ta yi barazanar kwashe kuɗinta daga bankunan Amurka. Da yake albashin sojoji na cikin dokar, majalisa ta sassauto a Janairun 2008 ta ba shugaban ƙasa ikon cire Iraƙi daga sashen, shi kuwa ya cire ta nan take. A Satumbar wannan shekarar Majalisar Wakilai ta zartar da wani ƙudirin na ɗan majalisa Bruce Braley da zai matsa wa Iraƙi ta sasanta da su, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa.

A ganina hujjar gwamnatin ba ta wofi ba ce, domin talakan Iraƙi da ya sha wuyar Saddam da takunkumi ba shi ya azabtar da kowa ba, kuma kuɗin nasa ne. Sai dai wannan hujja tana iya sa a rage adadin ko a jinkirta biya, ba ta isa ta shafe haƙƙin ba. Da majalisa ta so, tana da ikon ware kuɗi daga baitulmalin Amurka ta biya mutanen, daga baya gwamnati ta bi Iraƙi bashin, kuma rashin yin hakan shi ne babban rauninta a wannan lamari.

An biya a ƙarshe, amma ta hanyar sulhu. A Satumbar 2010 ƙasashen biyu suka cimma yarjejeniyar da Iraƙi za ta ba da dala miliyan 400 don rufe ƙararrakin Amurkawan da gwamnatin Saddam ta cutar, majalisar Iraƙi kuma ta amince a Afrilun 2011. Fursunonin sun raba wannan kuɗi ne da fararen hular da aka yi garkuwa da su a 1990, saboda haka abin da ya zo hannunsu bai kusanci abin da alƙali ya yanke ba, ga shi kuma ya zo bayan shekara 20.

Tambaya: To Malam, su kuma 'yan Iraƙin da sojojin Amurka suka wulaƙanta a kurkukun Abu Ghraib fa? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, haƙƙinsu ɗaya ne da na waɗancan, domin haramcin azabtar da wanda ke tsare bai bambanta ɗan wata ƙasa da na wata ba. A Mayun 2004 sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya faɗa wa majalisa cewa yana neman hanyar biyan su diyya, a daidai lokacin da gwamnatinsa ke kotu tana hana sojojinta tasu. Majalisar ba ta yi musu dagewar da ta yi wa nata ba. Sai a Nuwamban 2024 wata kotu a jihar Virginia ta umarci wani kamfanin kwangila da ya yi aikin tambayar fursunoni a can ya biya mutum uku dala miliyan 42, shekara 16 bayan shigar da ƙarar.