Zanen da kuka gani a hoton nan

Yaya na ga saƙonka tun daren jiya, wai 'yan majalisar gindin tsamiya sun ga hotona da zane har wani na tambaya ko daudu muka koma a Kumasi. Wallahi dariya na fara yi, daga baya abin ya ɗan sosa min rai.

Makokin kakar matata ne ta wajen uwa, su kuma Tonawa ne, Asante kenan. A wurinsu namiji in zai fita babban taro zane yake yafawa, ya ɗora a kafaɗar hagu ya bar ta dama a buɗe, baƙi ko ja in mutuwa aka yi. Sarkinsu ma Otumfuo Osei Tutu da ke kan gado tun 1999 haka yake fitowa a fadar Manhyia, zanen saƙarsu na kente da zinare har yatsu, to je ka ce masa mace mana. Ni surukin gidan ne, in na tafi da babbar riga na rakuɓe gefe kamar baƙo ai matata na kunyata. Kuma yafa shi ma aiki ne fa, yadi wajen goma, sau uku yana zame min sai da ƙaninta ya zo ya cusa min bakin zanen a hammata yana ta dariya.

Ku dai a gida kullum sai kun ɗora mu a sikeli. Kakanmu fataucin goro ya fito da shi daga ƙasar Ringim, ya zauna Salaga a arewacin Ghana kafin ya gangaro nan, da Busia, firaministan Ghana na lokacin, ya kori baƙi a 1969 rabin gidanmu suka kwashe suka koma wajenku, Baba ya ce ba inda za shi. Har ya rasu bai taɓa zuwa Juma'a ba kwalli a ido ba, kuma da na zo garinku tsofaffin da ke sahun gaba duk haka na gan su, ango ma lalle aka sa masa ba wanda ya ɗaga kai. Haramin alhazai kuma ba zane biyu ba ne?

Na yarda Hausarmu ta zango ta ɗan karkace, mace ma "ya zo" muke ce mata, kun sha yi mana dariya. Yaran yanzu kuma ni ma sun ishe ni, babban ɗana wando ɗamamme, riga ruwan hoda, rannan har da ɗan kunne na maganaɗisu wai gayu ne, na ƙwace na jefa a kwata. Amma ranar Sallah shi ya fi kowa rigimar sai an ɗinka masa shadda da hula zanna.

Ka gaida Inna, ka ce mata daddawar da ta aiko ta ƙare tun kafin azumi.