Tambaya da Amsa: Dish Ko Kallo Ta Intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarana sun koma kallon finafinan Hausa ta YouTube, ni kuma labarai da ƙwallo nake so. Data ta giga 20 ba ta kai mu sati biyu. In cire dish in koma intanet gaba ɗaya?
Wani magidanci, Agege

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawararmu kada ka cire. Tun daga 1959 da aka buɗe WNTV, tashar talabijin ta farko a Najeriya, a Ibadan, har zuwan tashoshi masu zaman kansu bayan 1992 da Arewa24 a 2014, tsarin talabijin ɗaya ne: tasha ta watsa, kowa ya kama, ko ka kwana kana kallo kuɗin bai ƙaruwa. Intanet kuwa kowane minti da kuɗinsa. Hoto na 480p yana cin kusan rabin giga a awa, 720p giga ɗaya ko fiye, 1080p yakan kai giga 3. Awa uku kullum a 720p ya kama giga 90 a wata, ka ga giga 20 ina za ta kai?

Ga gyaran. A wayar yara shiga saitin YouTube ka rage ingancin hoto zuwa 480p ko 360p. A ƙaramin allo da ƙyar ido ke gane bambanci. Kashe maɓallin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, don shi ke shanye data bayan yaro ya yi barci. Fim mai tsawo a sauke shi da datar dare. Babban ɓarawon data shi ne jona talabijin da wayar hannu, domin talabijin takan ɗauki hoto mafi tsada muddin sabis ya yarda.

Ƙwallo kam a bar wa dish. Ta intanet hoton yakan makara da daƙiƙa 30 ko fiye, sai ka ji maƙwabta sun yi ihun ci kai kana jiran bugun kwana.

TAMBAYA: Da an fara yayyafi sai hotonmu ya ɗauke. Dikoda ce ta lalace?
Wata uwargida, Mile 12

AMSA: Hajiya, da wuya a ce dikoda ce. Ruwa mai ƙarfi irin na Yuni da Yuli a Legas yana raunana saƙon tauraron ɗan Adam, kuma ɗaukewar 'yan mintuna ba laifi ba ce. Amma yayyafi bai isa ya kashe hoto ba. A rana maras hadari ki duba ma'aunin ingancin sigina a dikoda. In ya yi ƙasa, dish ya goce, sau da yawa saboda iskar teku ta cinye notuna da tsatsa. A kira mai gyara ya saita, ya sauya notunan, ya duba murfin LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, ko ya tsage, ya yanke bakin wayar dish in ruwa ya shiga, ya naɗe sabon da tef mai hana ruwa. In dish ɗin santimita 60 ne, na 90 ya fi jure damina.

TAMBAYA: Tsohuwar talabijin za ta iya nuna Netflix?
Wani tela, Idi-Araba

AMSA: In tana da ramin HDMI, za ta iya. Sayi ƙaramar na'urar Android ko Fire TV Stick, ana samu a Alaba da Computer Village. Ka sa a gwada Netflix a gabanka kafin ka biya, don jabu ba sa buɗe shi yadda ya kamata. Kana buƙatar sabis mai gudun megabit 5 a daƙiƙa.