Amsa ga ƙanenmu mai tunanin barin aikin ƙarƙashin jirgi ya koma kwana-kwana

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka sau uku tun daren jiya, kuma kowane karo sai in ji kamar ni ne na rubuta ta fiye da shekara goma da suka wuce. Ka ce shekararka huɗu kana lodin kaya da sa wa jirage waigi a matsayin ma'aikacin wucin gadi, yanzu an buɗe maka ƙofar komawa sashen kwana-kwana na filin jirgi, amma abokan aikinka suna cewa can zaman kashe wando ne, ga kuma ogan da yake tsangwamarka duk ranar da ka ga abin da bai dace ba ka yi magana. Shawarata ita ce ka tafi. Sai dai ina so ka san abin da ya kore ni daga inda kake na koma kwana-kwana, domin shi ne zai sa ka fahimci sauran maganata.

Lokacin jigilar maniyyata ne, da misalin ƙarfe uku na rana, jirgin ya riga ya makara da awa biyu, kuma kowa a wuya yake. Ana cikin zuba mai sai na hango yana tsiyaya daga ramin numfashin tanki da ke ƙarshen fiffike, kafin in ƙifta ido ya zama kamar an buɗe famfo, ya malale a kan kankare yana gangarawa wajen matakala. A daidai lokacin motar farko ta sauke maniyyata, yawancinsu tsofaffin mata riƙe da butoci da jakunkuna, suna takowa a hankali. Ka san man jirgi ba ya saurin kamawa kamar fetur, sai zafinsa ya kai digiri 38 yake fara fitar da tururin da wuta ke kamawa, amma kankaren da rana ta doka tun safe ya wuce haka nesa ba kusa ba, ga kuma injin lodi yana aiki. Na ɗaga hannu aka tsayar da zuba mai, na tare mutanen na mayar da su baya, na karɓi oba-obar wani na ce a turo kwana-kwana. Abin da aka koya mana ke nan, ban ƙara komai daga kaina ba.

Ogan namu ya iso yana huci. A gaban yaran da ni na koya musu aiki, a gaban direban tanka da maniyyatan da ke kallo, ya tambaye ni ko ubana ne ya ƙera jirgin. Ya ce ɗan man da buhun yashi biyu zai shanye shi ne na tara wa jama'a a kai, ya ce ni ɗan wucin gadi ne da ko takardar sallama ba sai an rubuta mini ba, ya fizge oba-obar daga hannuna har ta faɗi ƙasa. Jirgin ya ƙara minti hamsin kafin ya tashi. Washegari aka miƙo mini takardar tuhuma, a ciki an rubuta cewa na tayar da hankalin fasinjoji kuma na jawo wa kamfani asara, ba a ambaci mai ba ko sau ɗaya. Aka dakatar da ni mako uku ba biya, saura kwana goma sha biyu babbar Sallah, matata tana da tsohon ciki. A shekarar ban yi layya ba, kuma har yau ina tuna yadda na tsaya a ƙofar gida maƙwabta suna aiko mana da nama, na rasa bakin da zan yi godiya da shi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mutum bakwai ne suka ga man nan da idonsu, kuma da aka kira su babu wanda ya ce ya gani. Ban riƙe su ba, kowa cikinsa yake karewa, amma shi ogan na daɗe ban iya amsa sallamarsa ba. Na ji daga baya cewa a rahotonsa ya rubuta shi ne ya ba da umarnin kiran kwana-kwana, har aka yaba masa. Allah ya isa kawai na ce.

Wanda ya cece ni shi ne shugaban ayarin kwana-kwanar da suka zo ranar, wani dattijo da ban taɓa magana da shi ba. Ya rubuta a littafin aikinsu lokacin da aka kira, da faɗin wurin da man ya malale, da sunan wanda ya yi kiran, kuma wannan shafin ne ya mayar da ni bakin aiki. Saboda haka, ko ka tafi ko ka zauna, ka sayi ƙaramin littafi yau, ka riƙa rubuta kwanan wata da lokaci da lambar jirgi da wanda ka gaya wa. Maganar baki a farfajiyar jirage iskar inji ce ke tafiya da ita.

Kada kuma ka bari a sa ka jin kunyar tsayar da aiki. Mutanenmu sun biya kuɗin irin wannan gaggawar da rayukansu. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya tashi da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, an san da haka tun yana ƙasa, amma aka ƙi jira don kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar, mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Duk lokacin da na ji wani oga yana cewa a yi sauri a rufe ƙofa, wannan jirgin nake tunawa.

Masu cewa kwana-kwana zaman banza ne daga nesa suke hangen tashar. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ita ce motar farko ta isa kowane wuri a kan titin jirgi ta fara feshin kumfa cikin minti uku daga lokacin da aka yi kira, an fi so ma ya zama biyu. A cikin minti ukun nan ne za ka sa kaya, ka hau, motar da ke ɗauke da dubban litocin ruwa ta fita ta kai gudun kilomita 80 a cikin daƙiƙa 40. Wanda ya yi wata shida a kan benci yana shan shayi ba zai iya ba. An kasa filayen jirgi mataki goma bisa tsawo da faɗin jirgi mafi girma da ke sauka, kuma manyan jiragen da ke jigilar alhazai yawanci mataki na tara suke bukata, wato mota uku aƙalla da ruwa sama da lita dubu ashirin da huɗu. Idan mota ɗaya ta lalace matakin ya sauka, dole a sanar, kuma a nan ma za ka iya haɗuwa da mai cewa a yi shiru zuwa gobe. Ina gaya maka wannan ne don kada ka ɗauka ka rabu da matsin lamba. Bambancin shi ne a can akwai littafi, akwai hasumiya da ke naɗar duk abin da aka faɗa a rediyo.

Gaskiya ne kana iya yin shekaru ba ka ga hatsarin gaske ba. Abin da za ka riƙa gani shi ne birkin da ya yi zafi, da man da ya zube, da gobarar ciyawa a gefen titi lokacin hunturu, da tsayuwar jiran jirgin da matuƙinsa ya ce yana da matsala alhali hazo ya rufe ko'ina. Zaman jiran shi ne yake cinye mutum. Na ga jarumawa sun yi teɓa, sun daina duba tukunyar iskarsu da safe, suna sa hannu a takarda kawai. Kai ka duba taka da hannunka kullum, ka yi gudu, ka nemi a sa ka cikin kowane atisaye. Kuma birki mai zafi daga gaba ko baya ake tunkararsa, ba a tsayawa a gefen taya, domin idan ta fashe ta gefe take watsa ƙarfe.

Shekara huɗun da ka yi a ƙarƙashin jirgi dukiya ce, kada ka raina ta. Ka san inda ƙofofin kaya suke, ka san inda ake zuba mai, ka san tazarar da ake ba inji mai aiki. A Riyadh, a watan Agusta 1980, jirgin Saudiyya ya dawo ya sauka lafiya da wuta a cikinsa, amma sai da aka shafe fiye da minti ashirin bayan kashe injuna kafin masu ceto su buɗe ƙofa, aka tarar da duka mutum 301 sun rasu. Don haka duk jirgin da ya kwana a filinku, ka roƙi injiniya ya nuna maka yadda ake buɗe ƙofarsa daga waje da yadda ake kauce wa tsanin iska, wato wanda ke kumbura a bakin ƙofa fasinjoji su sulalo a kansa lokacin hatsari, idan ya fito. Ni haka na yi, da kwalbar lemo da girmamawa na koyi abin da ba a koya mini a kwas ba.

Akwai maganar iyali, wadda ba ka yi tambaya a kanta ba amma dole in faɗa. Ka zauna da mahaifiyarka da matarka idan kana da ita, ka gaya musu gaskiya. A Dubai a 2016 duka mutum 300 da ke cikin jirgin da ya kama wuta sun fita da ransu, wanda ya mutu ɗan kwana-kwana ne, lokacin da tankin mai ya fashe. Mahaifiyata ta yi mako guda ba ta yi mini magana ba da na koma, daga baya ta sa mini albarka. Kada ka kai kayan aikinka gida a wanke tare da na yara, hayaƙi da sinadarin kumfa suna maƙalewa a jikinsu. Ka kuma je a auna jinka tun yanzu, domin ni kunnena na hagu ya riga ya tafi tun ina lodi, saboda abin toshe kunne ɗaya muke karɓa-karɓa mu huɗu, kuma shi wancan ogan ne yake kulle sababbin a ofishinsa. Ka ga na sake komawa kansa, ka yi mini uzuri.

Kafin ka ajiye aikin da ke hannunka, ka tabbata takardar da za su ba ka ta ɗaukar dindindin ce mai fansho, ka tambayi yaushe za a tura ka horon farko da wanda zai biya, ka tambayi yadda ake juya aikin dare da ko akwai inshorar rai. Ka yi sallama da ogan naka cikin ladabi ko da zuciyarka tana tafasa, domin fili ɗaya za ku ci gaba da aiki, kuma wata rana shi ne zai kira a rediyo kai ka amsa. Nawa ya kira sau biyu tun bayan komawata, duka a kan mai ne, kuma na je. Idan takardar ta fito ka kawo nan mu duba maka sharuɗɗan kafin ka sa hannu. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya tsare mu da ku.