Ƙwayoyin halittata sun dunƙule bayan sun sha sanyi, sun mutu ne?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ina koyon rainon ƙwayoyin halittar dabbobi a ɗakin gwaji. Faranti ɗaya ya yi 'yan awoyi a firij. Da na duba a madubin ƙara girma sai na ga ƙwayoyin da ke shimfiɗe sun dunƙule, wasu ma suna yawo cikin ruwan abincinsu. In zubar ne?

Amsa: Malama, dakata tukuna. Mayar da farantin cikin na'urar ɗumama a kan digiri 37 na ma'aunin Celsius, ki sake leƙawa bayan awoyi. Duk ƙwayar da ta sake miƙewa tana da rai.

Mannewar ƙwaya a ƙasan faranti aiki ne da take yi ba hutu. Tana kama farantin da wasu sunadaran fatarta da ake kira intagirin, zaren wani sunadari na cikinta mai suna aktin yana ja daga ciki, kamar rumfar da aka ɗaure da igiyoyi ta kowace kusurwa. Duk wannan yana cin ƙarfi. Idan sanyi ya sauka wajen digiri 4, kitsen fatar ƙwayar yakan sandare, ƙarfin ya ragu, siraran bututun da ke riƙe da siffarta su warware. Sai ta tattare ta zama ƙwallo. Yawancin bututun nan suna sake haɗuwa idan ɗumi ya dawo, muddin sanyin bai daɗe ba.

Ni zafi na fi tsoro. Ƙwayar dabba mai shayarwa tana iya jure sanyin awoyi, amma da an haura digiri 42 sunadaranta sun fara lalacewa, kuma abin da ya dahu ba ya komawa ɗanye. Shi ma 37 ɗin ba na kowa ba ne, ƙwayoyin ƙwari wajen digiri 27 ake rainonsu.

Akwai ma waɗanda suka mayar da sanyi kayan aiki. Tun wajen 1990 wani masanin kimiyya mai suna Teruo Okano da abokan aikinsa a Tokyo suka shafe faranti da wani sinadari mai sauya hali a digiri 32. A 37 ƙwayoyi suna kama shi gam. Da an sauko zuwa 20 sai ya sha ruwa ya kumbura, ƙwayoyin su ɗago gaba ɗaya a shimfiɗe, manne da juna, ba tare da an zuba tirifsin da ke yanke sunadaran mannewa ba. Da irin wannan shimfiɗar an gyara fatar gaban idon marasa lafiya a Japan.

Ke dai daga yau ki riƙa ɗumama ruwan abincinsu kafin ki zuba musu.