Yadda ɗinki ke tona asirin mai laifi a labarin bincike

Malama, kin tambayi yadda ɗinkin ado zai zama hujja a labarin binciken kisa marar zubar da jini. Fara da zaren: na auduga sili 6 ne, amma a yadin Aida (yadi mai ƙananan ramuka da ake ɗinkin ado a kai) mai rami 14 a inci, sili 2 ake ja. Wanda ya ƙarasa aikin mamaciya da sili 3, nasa zai fi kauri. Ki juya bayan yadin kuma. Ƙulli a can alamar baƙon hannu ce, domin ƙwararru kan cusa bakin zare ƙarƙashin ɗinki. Kada ki ɓoye hujjar sai babin ƙarshe, mai karatu zai ji an cuce shi. Saka ta tun farko cikin hirar masu ɗinki.